Shuka Kabewa a Gindin Danga

Ɗana, in kana da gida a Gwandu ko Kalgo, kada ka bar damina ta wuce ba ka shuka kabewa ba. Ƙarancin fili ba hujja ba ne, domin in ta samu abin kamawa hawa take yi, ko danga ko rumfa ko jinkar rumbu.

Da ruwa ya zauna a watan Yuni, haƙa rami a gindin danga, ka zuba ruɓaɓɓen takin awaki, ka sa ƙwaya uku. In sun tsiro, bar biyu masu ƙarfi. Kafa mata sanduna masu kauri, kara kaɗai ba ya ɗaukar nauyinta.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne fure. Iri biyu ne a yaɗo guda: namiji mai siririn wuya, da mace mai 'yar ƙwallo a ƙarƙashinta. Da sassafe suke buɗewa, kafin azahar sun rufe, kuma ƙudan zuma ne ke kai garin namijin ga macen. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari da safe ya kashe masu yi masa aiki, daga baya ya ga 'ya'yan suna zubewa tun suna ƙanana, ya ɗora wa ƙasa laifi. In ƙwaro ya addabi ganye, barbaɗa toka. In feshi ya zama dole, jira yamma. In kuwa ƙudan zuma sun yi ƙaranci, tsinki namijin ka goga shi a tsakiyar macen da hannunka.

Mun saba jira sai kabewa ta ƙosa, alhali ɗanyarta abinci ce. A Italiya akwai wata mai dogon wuya da ake ɗorawa a kan rumfa don a ci ta tana shar. Tsinki taka tun farce na iya huda ɓawon, uwargida ta yanka ta soya da man gyaɗa, albasar Aliero, tattasai da daddawa, a ci da shinkafa. Ba ta son daɗewa a wuta. Tsinkar ma tana sa yaɗon ya ƙara haihuwa.

Bar biyu ko uku su ƙosa don miyar taushe. Yanke su da wuyansu, ka ajiye a inuwa, za su kai ka rani. Daga wadda ta fi zaƙi za ka cire irin baɗi, ka shanya shi sosai kafin ka ƙulle.