Gaskiyar da Bita Ta Tono, Ta Wa Ce?

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani, kuma da wuya a sami cutar da ta gaskata wannan zance kamar sankarar bakin mahaifa. Cuta ce mai tafiyar hawainiya. Ƙwayar cutar HPV da ke haddasa ta kan ɗauki shekaru goma zuwa ashirin tana sauya ƙwayoyin halittar bakin mahaifa kafin abin ya rikiɗe ya zama sankara. Wannan tazara ita ce ta ba likitoci damar ɗibar ɗan samfuri daga jikin mace mai lafiya, su duba shi da madubin likita, su kawar da ɓarnar tun tana ƙarama. Sai dai mai dubawar ɗan Adam ne, ido kuwa yakan yi kuskure. Don haka duk shirin gwaji na ƙwarai yakan waiwayi aikinsa lokaci-lokaci. Tambayarmu a nan ita ce: idan waiwayen ya tono kuskure, wa ke da haƙƙin sani?

Abin da ya faru a ƙasar Ailan ya isa misali. A shekarar 2008 gwamnatin ƙasar ta kafa shirin CervicalCheck, wanda a lokacin yake yi wa mata 'yan shekara 25 zuwa 60 gwaji kyauta. Wata mata mai suna Vicky Phelan ta yi nata gwajin a 2011, aka ce mata lafiya lau. A 2014 aka same ta da sankara. Shirin ya koma ya sake duba samfurinta na farko, ya ga ashe an karanta shi ba daidai ba, amma ba ta ji wannan labari ba sai a 2017. A watan Afrilun 2018 aka sasanta ƙarar da ta shigar a kan Yuro miliyan 2 da rabi, ba tare da ɗakin gwajin na Amurka ya amsa laifi ba. An nemi ta yi alkawarin rufe baki, ta ƙi. Ƙin nata ne ya fallasa cewa akwai mata 221 da bitar ta nuna sakamakonsu na farko ya saɓa, kuma akasarinsu ba wanda ya gaya musu. Wasu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Adalci ne mu saurari hujjar masu yin shiru, domin ba ta rasa nauyi ba. Na farko, matan da aka yi bitar samfurinsu an riga an gano cutarsu, suna karɓar magani, saboda haka labarin ba zai sauya maganin ba, sai dai ya ƙara musu baƙin ciki. Na biyu, wanda ya san cewa mace ta kamu, in ya koma kan tsohon samfurinta, zai hango abin da mai duban farko bai hango ba, ko da kuwa na farkon bai yi sakaci ba. Na uku, babu gwajin da ke kama kowace ɓarna, kuma idan mata suka yanke ƙauna daga shirin suka daina zuwa, rayukan da za a rasa za su fi yawa.

Duk da haka, muna ganin hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Samfurin nan daga jikin mace aka ɗebe shi, kuma ta miƙa shi ne bisa amana, tana lafiyarta ƙalau, saboda hukuma ta gayyace ta. Wanda ya yi gayya nauyin da ke kansa ya fi na wanda aka zo wurinsa neman taimako. In aka ce labarin ba zai warkar da ita ba, sai mu ce amfanin gaskiya bai tsaya ga warkarwa kaɗai ba. Macen da ke kwance tana zargin kanta da sakaci tana da haƙƙin ta san cewa ta yi abin da ya wajaba a kanta. Haka kuma tana da haƙƙin neman diyya domin 'ya'yan da za ta bari. Yanke mata hukuncin abin da zuciyarta za ta iya ɗauka, ba tare da an tambaye ta ba, raini ne da ya sa rigar tausayi.

Batun tsoron rushewar shirin kuwa, shirun ne ya jawo abin da ake gudu. Rahoton Dakta Gabriel Scally na watan Satumban 2018 ya nuna yadda aka yi ta jayayya tsakanin shugabannin shirin da likitoci kan wanda zai faɗa wa matan. A watan Oktoban 2019 Firayim Minista Leo Varadkar ya nemi gafararsu a gaban majalisa, sannan a 2023 aka kafa dokar da ta wajabta bayyana wa majiyyaci manyan kura-kurai. Vicky Phelan ba ta ga wannan doka ba, domin ta rasu a watan Nuwamban 2022 tana da shekara 48.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata allurar rigakafi, a gwada kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Nijeriya ta fara ba da allurar a cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoban 2023. Alƙaluma irin waɗannan suna da daɗin kai wa taro, amma ba sa faɗin ko sakamakon da aka ba mace daidai ne, ko ma ya isa gare ta. Tunda gemun ɗan'uwanmu ya kama da wuta, sai mu shafa wa namu ruwa: duk shirin gwajin da za mu kafa, a bayyana wa mace iyakar gwajin tun ranar farko, a kuma rubuta sunan wanda zai zauna da ita ya gaya mata, idan bita ta nuna an yi kuskure.