Haƙƙin Makaho a Kan Mai Gina Shafi

Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa mudun awo wajibi ne ya zama ɗaya ga kowa, domin duk inda ma'auni ya saɓa, mai rauni ne zalunci yake fara faɗa wa. Wannan hukunci, a ganina, ya hau kan masu gina shafukan intanet, inda makaho yake dogara da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya, irin su NVDA da JAWS, alhali sau da yawa ba ta iya faɗin hoto ko maɓallin da magininsa bai sa wa suna ba.

Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafuka a 1999, ta sabunta su a 2008 da 2018 da 2023. Amurka ta ɗora dokarta ta Sashe na 508 a kan bugun 2008, Tarayyar Turai kuwa ta bi na 2018. Wani zai ce ai saɓanin malamai sauƙi ne ga al'umma. Haka ne idan mutum yana da zaɓi, amma makahon da ya haddace hanya a wannan shafi, ya shiga wancan ya tarar an sauya masa ita, ƙunci kawai ya samu.

Saboda makaho guda, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa. Daidaita waɗannan ƙa'idoji haƙƙi ne da ake bin magina bashinsa, kuma wajibi ne su biya.