Takobin Shayi: Wa Ya Ba Harshe Alƙalanci?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wani wasa da ya shigo fadodin samari wanda nake so mu tsaya mu dube shi da kyau. Ana samun takarda, a jera sunaye 8 ko 16, a haɗa su biyu-biyu, wanda ya faɗi ya fita, wanda ya ci ya wuce gaba, har a kai ga guda ɗaya. Tsarin ba baƙo ba ne, mun san shi a ƙwallo, mun san shi a kokowa. Sabon abu shi ne abin da ake karawa yanzu: shayin wane da na wane, kilishin wannan rumfa da na waccan, furar wance da ta wance. Harshe ne alƙali.

Ba mu muka fara ba. A Amurka, duk watan Maris ana gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, faɗuwa ɗaya ka tafi gida. Jadawalin wannan gasa ya shiga jinin mutanen can har suna ɗora kome a kansa, finafinai, waƙoƙi, da giyar ƙananan kamfanoni da mashayansu ke ɗanɗanawa biyu-biyu don su fid da gwani. Giya ba tamu ba ce, Allah Ya tsare, amma jadawalin ya biyo wayar salula ya iso mana, mu kuma muka zuba masa shayi. Tambayata ita ce: in aka gama, aka ce wane ne zakara, me aka gano? Kuma wa ya biya kuɗin wannan ganowa?

Mu fara da kokowa, tunda ita ce uwar gasa a Nijar. Tun 1975 da aka yi ta farko a Tawa ake neman takobi, kuma duk yaron da ya taɓa manne kunnensa a rediyo ya san sunan Kantu na Maraɗi, ya san Isaka Isaka na Doso. Me ya sa ba a jayayya mai tsawo kan wanda ya ci? Saboda akwai ƙasa. Mutum ya kai ƙasa ko bai kai ba, dubban idanu sun gani. Wanda aka kayar yana iya cewa ƙafarsa ce ta zame, yana iya cewa an yi masa asiri, amma ba zai ce bai faɗi ba. A gasar shayi fa, ina ƙasar take? Babu. Abin da ke akwai shi ne bakin mutum 9 ko 11, kowa da abin da ya ci da rana, kowa da irin shayin da ya saba sha a gidansu.

Ko a inda ake da ƙasa ɗin, tsarin faɗuwa ɗaya yana da wani lahani da lissafi ya nuna. A 1883 wani malamin lissafi na Oxford a Ingila, Charles Dodgson, wanda duniya ta fi sani da sunan alƙalaminsa Lewis Carroll, ya rubuta ɗan littafi kan gasar tanis don wannan matsala. A ce mutum 16 ne, kuma a ce wanda ya fi ƙarfi kullum shi ke ci. To gwani na ɗaya zai ɗauki kofi, babu shakka. Amma gwani na biyu ba zai kai wasan ƙarshe ba sai in ƙuri'a ta jefa shi a ɗaya rabin jadawalin, kuma damar hakan 8 ce cikin 15. Wato kusan rabin lokaci, wanda ake kira na biyu ba shi ne na biyu ba. Na biyun gaskiya yana iya haɗuwa da zakara tun zagayen farko, ya fita tare da waɗanda ba su iya kome ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar masu fura.

Me ya sa to ake son tsarin? Don yana da arha. Mutum 16, karawa 15 an gama. In kowa zai kara da kowa, karawa 120 ake bukata, kuma ba cikin da zai ɗauki wannan shayi, balle aljihun da zai sayi sukari da gawayi.

Lahani na biyu ya fi zurfi, shi ne ya fi ba ni sha'awa. Wani Bafaranshe, Condorcet, ya bayyana shi a 1785 yana magana kan zaɓe. Bari in kawo shi fada. Mu ce masu shayi uku ne, Sani, Mamman da Ari, alƙalai kuma 9. Uku daga cikinsu sun fi son na Sani, sai na Mamman, sai na Ari. Uku sun fi son na Mamman, sai na Ari, sai na Sani. Ukun ƙarshe sun fi son na Ari, sai na Sani, sai na Mamman. Kara Sani da Mamman: Sani ya ci 6 da 3. Kara Mamman da Ari: Mamman ya ci 6 da 3. Hankali zai ce to ai Sani ya fi Ari nesa ba kusa ba. Kara su ka gani: Ari ya ci Sani 6 da 3. Ba wanda ya yi maguɗi, ba wanda ya canza ra'ayi, amma abin ya zama zobe. Yanzu duba: in Sani da Mamman suka fara, Ari ne zakara. In Mamman da Ari suka fara, Sani ne zakara. Duk wanda aka ce ya zauna ya jira, shi zai ɗauki takobi. Ashe mai riƙe da biro, wanda ya zana jadawalin, shi ya naɗa sarki tun ba a hura wuta ba.

Wani zai ce ai wannan misali ne na takarda. Gaskiya ba kullum zoben ke faruwa ba. Amma ya fi saurin faruwa a abin da ake auna shi ta fuska da yawa, kuma shayi haka yake: akwai ɗaci, akwai zaƙi, akwai kumfa, akwai ƙamshin na'ana'a, akwai zafin da ya iso bakinka da shi. Gudun mita 100 agogo ɗaya ke auna shi. Shayi kuwa kowane alƙali da agogonsa.

Sai kuma shi kansa harshen, wanda ba shi da amana kamar yadda muke zato. Kamfanin Coca-Cola ya koyi wannan da tsada. Ya gwada wani sabon haɗi mai ƙarin zaƙi a bakin ɗimbin mutane, kurɓi-kurɓi, ba tare da sun san wanne ne wanne ba, sabon ya yi nasara. A watan Afrilu na 1985 aka fito da shi kasuwa aka janye tsohon. Mutane suka yi ca, bayan kwana 79 kamfanin ya dawo da tsohon. Bayanin da mutane da yawa suka bayar shi ne, abin da ke cin kurɓi ɗaya daban, abin da mutum ke so ya zauna da shi daban. Mu da muke shan shayi zagaye uku ai mun fi kowa sanin haka. Na farko mai ɗaci ne, na biyu ya daidaita, na uku zaƙi ne da hira. Gwanin shayi shi ne wanda ya san yadda zai raba ƙarfin ganye ɗaya a kan buta uku, cikin awa biyu, ba tare da na ƙarshe ya zama ruwan sukari ba. Gasar da ke ba ka kurɓi ɗaya daga nan, kurɓi ɗaya daga can, mai yawan sukari take ba kyauta.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a bar wasan, shirme ne. Akwai abu guda da yake yi wanda ba ƙaramin abu ba ne: in an rufe sunaye, aka sa lamba a ƙasan kofi, girma ya fita daga lissafi. A kowace fada akwai wanda aka saba cewa shi ne gwani don shi ne babba, ko don shi ke sayen ganye, akwai kuma ƙaramin yaro da ake aika sayen gawayi wanda ba a taɓa yaba hannunsa ba. Ranar da kofi mai lamba 5 ya ci, aka duba aka ga na yaron ne, an yi wani adalci da bakinmu ba ya iya yi in muna kallon fuska. Kuma wasan yana koya wa mutum lura. Da yawa cikinmu mun shekara muna kurɓa ba mu taɓa tambayar kanmu me ya sa wannan ya fi wancan ba.

Inda nake ja da baya shi ne lokacin da jadawalin ya fita daga tabarmar fada ya shiga kasuwa. Sani, Mamman da Ari sun yarda da kansu aka kara su, wanda ya faɗi za a yi masa dariya, gobe ya rama. Amma matar da ke dama fura kusa da tasha, wa ya tambaye ta? An aiki yaro ya sayo ta dala 20, an kai wani wuri, ta yi awa ɗaya cikin zafin Gure kafin a kai kanta, an kara ta da wadda aka sayo yanzu-yanzu, ta faɗi. Da dare hoton takardar ya shiga WhatsApp, sunanta a layin farko an ja masa gicciye. Garinmu ba Yamai ba ne. Gure wuri ne da in ka faɗi sunan mai fura, rabin masu karantawa sun san ƙofar gidanta, sun san ƴaƴanta a lakwal. Ku tuna da lissafin Dodgson: mai yiwuwa ita ce ta biyu a duk garin, ƙuri'a ce kawai ta haɗa ta da ta ɗaya. Amma takarda ba ta faɗin haka. Abin da ido ke gani shi ne ta fita tun farko. Mu mun yi nishaɗin yamma ɗaya, ita kuma cinikinta ne, da shi ake sayen hatsin gobe.

A nan ne nake ganin tarbiyyar da aka ba mu ta riga lissafi isa wurin. Malamanmu sun karantar da mu, daga abin da Buhari da Muslim suka ruwaito ta hanyar Abu Huraira, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba: wanda ransa ya so ya ci, wanda bai so ba ya bar shi. Ba a ce ba shi da zaɓi ba, an san yana da abubuwan da ya fi so. Zaɓi halal ne. Abin da ya bari shi ne shelar aibi. Kuma in ka duba, jadawalin faɗuwa ɗaya inji ne na shelar aibi: don ya fid da gwani 1, sai ya rubuta sunan faɗaɗɗu 15.

Wani abokina ya ƙalubalance ni a nan, kuma maganarsa tana da nauyi. Ya ce, in ba a faɗin gaskiya kan abin sayarwa, ta yaya mai saye zai san inda zai kai kuɗinsa, ta yaya mai sana'a zai gyara? Na yarda da rabinta. In fura ta lalace, ko an dama ta da ruwan da zai sa mutum ciwo, faɗa wajibi ne, kuma ita mai furar ya kamata a fara faɗa wa. Wannan magana ce ta cuta da lafiya, tana da ƙasarta kamar kokowa. Amma "ta wance ta fi ta wance daɗi a bakin samari 9 ranar Asabar" ba irin wannan gaskiya ba ce. Ba ta gaya wa wadda ta faɗi abin da za ta gyara, don su kansu alƙalan ba su daidaita kan abin da suke nema ba: wani kauri yake so, wani tsami, wani yaji.

In dai sai an yi, ni abin da zan goyi baya shi ne a kara abin da ba shi da fuska. A kawo dabinon Bilma, a kawo na kwarurrukanmu na nan Muniyo, a kawo na kanti da ke zuwa daga Aljeriya, a rufe ido a ɗanɗana, a yi ta gardama har gawayi ya mutu. In kuma hannun mutane za a kara, to su kasance sun sani sun yarda, a sake ƙuri'a a maimaita wani mako a ga ko zakaran zai tsaya. In aka tashi sanarwa, a faɗi wanda ya ci kaɗai. Takardar jadawalin kuwa, da sunayen da aka ja wa gicciye, a sa ta ƙarƙashin buta a hura wutar zagaye na uku da ita.