Zoben Samiya da Iyakar Biyayya



A cikin marubutan ƙasar Masar an yi wata mace da aka sani da Alifa Rif'at, sunanta na yanka Fatima. An haife ta a Alkahira a 1930, ta rasu a 1996. Ba ta yi karatun jami'a ba, kuma da Larabci kaɗai ta yi rubutu. Mijinta jami'in 'yan sanda ne, ya taɓa hana ta rubutu har ta yi shekara fiye da goma ba ta fitar da kome ba. Wani masani mai suna Denys Johnson-Davies ya juya gajerun labarunta zuwa Turanci, aka buga tarinsu a 1983. Abin da ya sa ta cancanci wannan fili shi ne, ita mace ce mai riƙon addini, kuma duk kukan da ta yi a madadin mata ba da Musulunci take ba. Da mazan da ke karɓar haƙƙinsu cif-cif su danne nauyin da ke kansu take.

Akwai wani labarinta da ma'anar sunansa ita ce Wani Maraice Kuma a Kulob. Yarinya ce mai suna Samiya, 'yar wani akawun kotu, tana makaranta aka ba da ita ga Abbud Bek, sufeton ban ruwa, mutum mai muƙami wanda ya girme ta nesa. Tun farkon zamansu ya hore ta da cewa in an tambaye ta asalinta ta ce ubanta alƙali ne. Ya saba mata da zuwa kulob inda manyan gari ke taruwa. Wata rana ta sha giya a can, ta komo kanta na juyawa, ta tuɓe kayan adonta ta kwanta. Da gari ya waye sai aka nemi zobenta na zumurrudu aka rasa. Ba wanda ya shiga ɗakin sai 'yar aikinta, Gaziya. Maigida ya mare ta, ta yi ta rantsuwa tana kuka, ya miƙa ta ga 'yan sanda don su matsa mata ta faɗi inda ta ɓoye shi. Kashegari sai ga zobe a bayan teburin kwalliya, inda ya faɗa. Samiya ta ce a je a sako yarinya. Miji ya ce faufau: in ya je ya ce zobe bai ɓata ba, gari zai ɗauka cewa matar sufeto ta bugu, su zama abin dariya. Zai kai zoben Alkahira ya sayar ya sayo wani, yarinya kuwa in an gaji da ita a sake ta. Ya ɗan bubbuga kumatun matarsa. Ta tsaya bakin taga jim kaɗan, ta juyo da murmushi, aka koma maganar cin abincin dare a kulob.

To, tambayar da labarin ya aje ita ce: shin Samiya tana da laifi da ta yi shiru, ko kuwa biyayyar aure ta wanke ta?

Kafin a amsa, ya kamata a lura da irin 'yancin da wannan mace take da shi. Ba a kulle take ba. Tana fita, tana cuɗanya da manya, tana sa abin da take so, har tana shan abin da Allah Ya haramta, mijin ne ma ke miƙa mata. Wanda ke auna 'yancin mace da fita da sutura zai ce wannan ta gama samu. Amma ran da ta so ta faɗi gaskiya guda ɗaya don ta ceci wadda aka zalunta, sai ta tarar harshenta ba nata ba ne. Wannan kuwa bai faro ran da zobe ya ɓata ba. Ya faro ne ran da aka ce ta canja wa ubanta sana'a ta kuma amsa. Abin mamaki ma, alƙali aka ce ta mai da shi, a gidan da za a hukunta marar laifi ba shaida ba bincike.

Shari'a ba ta bar wannan wuri a duhu ba. Aya ta 34 ta Suratun Nisa'i ta ɗora wa miji shugabancin gida, ba mai musun wannan. Amma a cikin wannan sura ɗin, aya ta 135 ta umarci muminai su tsaya da adalci su ba da shaida saboda Allah ko da a kan kansu ne ko iyayensu ko danginsu, ba ta kuwa ware matan aure ba. Aya ta 112 ta yi magana kan wanda ya yi kuskure ko zunubi sa'an nan ya jefa shi kan marar laifi, ta kira abin ƙiren ƙarya da zunubi bayyananne. Malaman tafsiri sun ce ayoyin wurin sun sauka ne game da wani mutumin Madina da ya saci sulke, danginsa suka so a ɗora wa wani don su tsare sunan gidansu. Watau dai hujjar Abbud Bek tsohuwa ce, an kuma rushe ta tun tuni. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito labarin shugaban rundunar da ya fusata ya sa aka hura wuta ya ce mutanensa su shiga, suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya bayyana cewa biyayya tana cikin abin da yake daidai ne kurum. In haka take ga sarkin yaƙi a fagen fama, ina ga miji a ɗakin kwana?

Wani zai ce ai tilas aka yi mata, tilas kuwa uzuri ce. Gaskiya ne Shari'a ta san tilas, har ta yi wa Ammar ɗan Yasir rangwame da ya furta kalmar kafirci a ƙarƙashin azaba alhali zuciyarsa na natse da imani. Amma fa wannan rangwame ne a kan haƙƙin Allah. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa wanda aka tilasta ba shi da damar ya kashe wani don ya tsira, domin ransa bai fi na wancan daraja ba. Ita Samiya ma ba a zare mata takobi ba, ba a ce za a ɗaure ta ba. Abin da ta ji tsoron rasawa shi ne gida mai ma'aikata, da zobe, da kujera a kulob. An sa jin daɗinta a sikeli ɗaya, bayan Gaziya a ɗaya, ta zaɓa.

Duk da haka ba adalci ba ne a aza mata kayan duka. An cire ta daga makaranta, ba ta da sana'a, ba ta san wata mafaka ba sai gidan uban da ya ga muƙami ya sallama ta da murna. Mafi nauyin laifi na mijin ne, wanda ya mari yarinya bisa zato, ya san gaskiya ya binne ta, ya kuma jawo matarsa cikin zunubinsa. Uban ma yana da kasonsa, don ya duba abin hannun mai neman aure bai duba halinsa ba. Sai dai ragin laifi daban, wankewa daban. Kowa zai zo ran Alƙiyama shi kaɗai, ba kuma a taɓa jin cewa igiyar aure tana mai da littafin ayyukan mace cikin na mijinta ba.

Mai karanta wannan labari da wuya ya kasa tuna ƙiren ƙaryar da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda shi ma daga ɓatan abin wuya ya taso. A ruwayar Buhari, da aka tambayi baiwarta Barira abin da ta sani, sai ta tsaya ta wanke uwar ɗakinta, ta ce iyakar aibin da ta gani shi ne yarinya ce mai barci ta bar ƙullu akuya ta cinye. A can mai hidima ce ta ba da shaida don uwar gida. A nan uwar gida ce ta riƙe shaidar da za ta fid da mai hidima daga hannun masu duka. Wannan Barirar ce kuma, da aka 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis. Annabi ya sa baki, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta bukata, aka bar ta da zaɓinta.

Ba sai an je bakin kogin Nilu ba kafin a ga Gaziya. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, in kuɗi ko sarƙa suka ɓace, 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye ake fara kamawa, in kuma abin ya fito daga ƙarƙashin katifa sai a yi gum, ba mai kiranta ya nemi gafara. Alifa Rif'at ba ta faɗi ranar da aka sako tata Gaziyar ba. Ta rufe labarin ne yarinyar tana hannun 'yan sanda, zoben yana hannun maigida.