Wanda Cikinsa Ya Sake Rinjayarsa: Shin Niyyarsa Ta Ɓaci?

  

Ya ƴan uwa masu karatu, akwai wata tambaya da ta yawaita a zaurukan malamai na garuruwanmu, musamman a watan Shawwal da kuma makonnin da ke biyo bayan Sallar Layya. Mai tambayar, namiji ne ko mace, galibi wanda likita ya shaida wa cewa jininsa ya hau ne, ko sukari ya yi masa yawa, ko gwiwoyinsa sun gaji da ɗaukar nauyinsa. Ya ji magana, ya rage ci, ya yi wata uku ko huɗu a kan haka har tufafinsa suka fara yi masa yawa. Sai wata rana, a gidan biki ko cikin dare shi kaɗai, ya zauna gaban abinci ya kasa ɗage hannu, yana ci ba don yunwa ba, har numfashi ya yi masa wuya. Rana ɗaya ta zama mako, mako ya zama wata. Abin da yake tambaya shi ne: ashe niyyata ta farko ƙarya ce? Kuma akwai sauran amfani in sake farawa?

Mun san wasu za su ce wannan ciwon masu ƙoshi ne, bai cancanci shafi ba a ƙasar da ta ga farin 1973 da na 1984, kuma ta ga yara a cibiyoyin tamowa na Maraɗi da Damagaram a 2005. Maganarsu tana da nauyi. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda yau suke fama da ciwon sukari a Yamai da Maraɗi da Tawa yara ne a lokacin waccan yunwa, sun tashi a gidajen da ba a barin loma a kwano. Har yanzu kuma in mutum ya yi ƙiba sai mu ce ya samu hutu, in ya rame sai mu tambaye shi ko lafiya. Wanda yake yaƙi da cikinsa a tsakaninmu yana yi ne ba tare da mataimaki ba, wani lokaci ma ana yi masa dariya.

Mashayin giya idan ya tuba zai iya yanke hulɗa da ita har abada, haka ɗan caca. Mai fama da ci ba shi da wannan ƙofa. Dole ya zauna da abin da ke rinjayarsa sau biyu ko uku kowace rana har ƙarshen rayuwarsa, ya ɗiba ya kuma tsaya. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta haɗa umarnin ci da sha da hanin almubazzaranci a wuri guda, ba ta ce a bar abinci ba, iyaka ta sa. Wanda kuwa aka ɗora wa tsare iyaka fiye da sau dubu a shekara, ba abin mamaki ba ne ya ƙetare ta wata rana.

Malaman fikihu sun yi saɓani kan hukuncin ci bayan ƙoshi: wasu sun ce makaruhi ne, wasu sun kai shi ga haramci idan cutarwa ta tabbata. Mu ɗauki ra'ayi mafi tsanani ma, mu ce saɓo ne. Sharuɗɗan tuba sanannu ne ga kowane ɗalibi: barin laifin, nadama, da ƙudurta cewa ba za a koma ba. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa idan ƙudurin gaskiya ne a lokacin da aka yi shi, komawa daga baya ba ta rusa tubar farko, laifi ne sabo da ke neman sabuwar tuba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin bawan da yake yin zunubi ya nemi gafara, ya sake yi ya sake nema, kuma aka gafarta masa a kowane karo. To idan haka lamarin yake game da haƙƙin Allah, ta yaya mutum zai yanke wa kansa hukuncin munafunci saboda ya cinye kwanon fanke? Watannin da ya yi yana kame bakinsa an rubuta su, kuma jikinsa ma ya amfana da su.

A ganinmu ɓarna mafi girma tana zuwa ne bayan zamewar, daga maganar da zuciya ke raɗa wa mutum: tunda ka riga ka ɓata, ƙarasa kawai, ka sake shiri ranar Litinin, ko bayan Sallah. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan a Amurka a 1975. Wasu masu bincike biyu, Haman da Mak, sun tara ɗalibai mata, suka shayar da wasunsu madarar da aka kaɗa da sukari, sannan suka ajiye wa kowa daskararriyar madara mai zaƙi da sunan ɗanɗano. Waɗanda ba sa taƙaita abinci, da suka sha madarar farko sai suka ci kaɗan, kamar yadda hankali zai ɗauka. Waɗanda suke cikin taƙaitawa kuwa, shan madarar sai ya sa suka ci fiye da takwarorinsu da ba a shayar ba. Sun ga shingen ya karye, sai suka saki gonar duka. Malamanmu suna da suna ga wannan hali tun da daɗewa, shi ne ɗebe tsammani, kuma aya ta 53 ta Suratuz Zumar ta hane shi, tana magana ne ma da waɗanda suka wuce iyaka a kan kawunansu.

Lissafi ma yana ƙaryata wannan raɗa. Likitoci suna auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da wani ma'auni da ake ce wa kalori. Baligi yana buƙatar kimanin 2,000 zuwa 2,500 a yini, gwargwadon jikinsa da aikinsa, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori kusan 7,700. Wanda ya ci abincin yini biyu a yini ɗaya, ya ƙara 2,000 a kan buƙatarsa, abin da ya tara kimanin rubu'in kilo ne na kitse. Idan ya hau ma'auni washegari ya ga kilo biyu sun ƙaru, mafi yawansu ruwa ne da gishiri ya riƙe da abincin da bai gama fita ba, cikin ƴan kwanaki za su sauka. Aikin wata huɗu ba ya rushewa a dare ɗaya. Abin da ke rusa shi makonni shida ne da mutum ya yi yana jiran ranar da ta dace ya sake farawa.

Akwai tarko na biyu, kuma shi ya fi kama masu tsoron Allah, domin yana zuwa sanye da rigar ibada. Mutum ya tashi da safe cikin kunya, sai ya ce zai horar da cikinsa: ba karin kumallo, ba abincin rana, ko ya ɗaura azumi ba sahur. Da magariba yunwa ta gama da shi, sai ya maimaita abin da ya yi jiya, har ya zarce. A 1944 zuwa 1945, a jami'ar Minesota, wani masani mai suna Ansal Kis ya gwada yunwa a kan samari 36 masu lafiya da suka yarda da kansu. An rage musu abinci zuwa kimanin rabi har tsawon wata shida, suka rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Tunaninsu da hirarsu suka koma kan abinci, kuma da aka sake su wasu sun riƙa ci har su yi rashin lafiya, ba su ji sun ƙoshi ba. Babu wanda ya shiga gwajin da wannan hali, yunwar ce ta haifar da shi. A 1999 kuma masana a Japan sun gano wani sinadari da tumbi ke fitarwa idan ya daɗe babu komai a ciki, wanda ke kai wa ƙwaƙwalwa kiran yunwa. Wato haka Allah ya halicci jikin, wanda ya matsa masa fiye da kima zai karɓi bashinsa da riba.

Shari'a ta riga ta toshe wannan ƙofa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai haɗa azumin kwanaki ba buɗa baki. Da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya so ya riƙa azumi kullum, ya tunatar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, kuma Abdullahi da ya tsufa ya yi fatan da ya karɓi sauƙin da aka ba shi. Azumin Litinin da Alhamis alheri ne babba, amma wanda ya ɗauke shi don ya rama wa cikinsa laifin jiya, ya duba niyyarsa da kyau kafin alfijir.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware babi guda a cikin Ihya'u kan karya sha'awar ciki da ta farji. A can ya ba da shawarar da muke ganin babu likitan yau da zai ƙi ta. Ya ce wanda ya saba da gurasa biyu a yini, yana so ya koma ɗaya, kada ya yi haka farat ɗaya, domin jikinsa ba zai ɗauka ba. Ya riƙa rage kimanin kashi ɗaya cikin talatin na gurasa kowace rana, sai wata ya cika ya isa inda yake so ba tare da ya ji ba. Gaskiya ne babin yana ɗauke da labaran masu zuhudu da suke kwanaki ba su ci ba, kuma mun ga matasa suna karanta su suna son kwaikwaya. Waɗannan labarai ba ma'auni ba ne ga manomi da ɗan kasuwa da mai shayarwa, shi kansa Gazali ya bayyana cewa tsaka-tsaki ake nufi. Likitocin wannan zamani su ma ragi matsakaici suke ba da shawara, kamar kalori 500 a yini, wanda ke sauke kusan rabin kilo a mako.

Saboda haka komawa tana farawa ne daga abinci na gaba, a lokacinsa, da gwargwadonsa na kullum, kamar yadda wanda ya makara sallar asuba yake ramawa ya ci gaba da azahar a kan lokaci. Ragin kuwa a neme shi inda nauyin ya ɓuya. Mutanenmu sukan zargi tuwon hatsi, alhali babban cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori kusan 120, kuma mun san ludayi nawa ake zubawa a kan shinkafa da wake ko dambu. Kwalbar lemu ƙarama tana da sukari kusan giram 35, wajen ƙwaya bakwai ke nan, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ja hankali cewa kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a yini. A ƙara da shayin majalisa zagaye uku, da sukarin da yanzu ake zuba wa fura, wadda kakanninmu suka sha da nono kawai. Wanda ya rage waɗannan, ya yawaita zogale da rama da wake, zai iya ƙoshi kuma ya sauka.

Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kowa ya haddace shi. Wuyar ita ce aiki da shi a gaban tire guda da hannaye shida, inda ba wanda ya san adadin da ya ci. Ba ma kira a bar cin tarayya, albarka tana cikinsa. Amma babu laifi mai fama ya ɗebi rabonsa a ƙaramin kwano ya zauna tare da jama'a, ya ci a hankali, domin ƙoshi yana ɗaukar kusan minti ashirin kafin mutum ya ji shi. Mu kuma masu masauki mu ji tsoron Allah game da rantsuwar da muke ɗora wa baƙo sai ya ƙara. Wanda ya ce likita ya hana shi, aka ce ai yau ɗaya ce, an yi masa karamcin da shi kaɗai zai biya kuɗinsa.

Akwai kuma waɗanda lamarinsu ya wuce rauni na ɗan lokaci. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka lissafa cin da ya fi ƙarfin mai shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Alamarsa ita ce mutum ya riƙa cin abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, yana jin ba zai iya tsayawa ba, sau da yawa a ɓoye, kunya da baƙin ciki su biyo baya, kuma haka ta riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. Wannan wa'azi kaɗai ba ya isarsa, kamar yadda ba ya isar mai zazzaɓi. Ya je wurin likita, haka ma wanda yake sa yatsa a maƙogwaro ya yi amai bayan ci, ko yake shan maganin zawo don ya rage nauyi. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura kada ya rage abinci da ra'ayin kansa, domin sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai juna biyu da mai shayarwa da yaro mai tasowa su ma wannan magana ta ragi ba tasu ba ce, sai in likita ne ya tsara musu.