Wa Ke Da Alhakin Zuciyar Da Aka Bari Ita Kaɗai?

'Yan'uwa, duk sa'ad da aka yi kisan gilla mukan ce, "Ai wannan mahaukaci ne." Da kalma ɗaya muke wanke hannuwanmu. Alhali yawancin masu taɓin hankali ba sa cutar kowa, su aka fi cuta. Abin da ke kai mutum ga zub da jini sau da yawa shi ne raunin zuciya da ba a kula da shi ba, da kaɗaici, da tunani ɗaya da ya kafe a rai har ya kori tausayi.

Mu tuna da Ƙanƙara. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci aikin, ya ajiye makamai a Fabrairu 2021, amma ya koma daji, aka kashe shi a Afrilu. Ba mu ce mahaukaci ne ba, laifinsa kuwa yana wuyansa. Sai dai wanda ya daɗe nesa da mutane, bindiga ce abokiyar hirarsa, dawowa cikin jama'a kan yi masa wuya.

Yanzu mu dubi ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Akwai yaron da aka kashe ubansa a gaban idonsa. Ba ya barci, ya daina magana, ba abin da yake saƙawa sai ramuwa. In kowa ya kau da kai, gobe wa zai zama?

Mari ba magani ba ne. A Oktoba 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutane fiye da 60 daga wani gidan mari a Daura. A Janairu 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare mutuncin majiyyaci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato.

Amma doka ba ta yin sallama a ƙofar gida. Wannan aikin maƙwabci ne. Mai laifi zai amsa nasa, mu ma lamirinmu zai tambaye mu shirun da muka yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka san wani da ya janye jiki daga mutane? Je ka gaishe shi yau, ka saurare shi, in ta kama ka raka shi asibiti.