Babu Sakin Wasa: Nasiha Ga Masu Neman Bizar Iyali

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, a 'yan watannin nan masu zuwa ofishin masallaci neman takardar shaidar aure sun ƙaru. Wani ɗansa ne ke aiki a Ingila yana son matarsa ta bi shi, wani ƙanwarsa ce ta auri mazaunin Amurka. Wannan alheri ne, domin zaman miji da mata wuri ɗaya shi ne asali. Amma akwai wata magana da muka ji har sau biyu, shi ya sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba.

Wani bawan Allah mai mata biyu ya same mu. Dillalin biza ya ce masa Turawa ba sa karɓar mai mata biyu, don haka ya rubuta wa uwargida takardar saki a haɗa cikin takardunsa, wai "ai na takarda ne kawai, aurenku na nan." Ya zo ne mu buga masa hatimi. Ba mu buga ba.

Jama'a, saki ba shi da na wasa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke nuna cewa aure da saki da kome, ko da gaske aka yi su ko da wasa, sun tabbata. Malamanmu na Malikiyya kuma sun bayyana cewa saki yana aukuwa da rubutu kamar yadda yake aukuwa da baki. To wanda ya rubuta, ya sa hannu, ya miƙa wa hukuma, da wane baki zai ce bai saki ba? In kuwa dama saura igiya ɗaya, shi ke nan, ya tsinke ta da hannunsa. Baiwar Allah tana Dei-Dei ko Gwagwa tana dafa masa tuwo, ba ta san matsayinta ba. Ranar da ya faɗi ya mutu, takardar nan ce wani zai ɗauko a gaban alƙali ya ce ba ta da rabo a gado. A Suratun Nisa'i, aya ta 21, Allah ya siffanta aure da alkawari mai nauyi. Ba a jinginar da shi don tambarin fasfo.

Gaskiya ne dokokinsu da tsauri, kuma gara mu san su tun kafin mu kashe kuɗi. Amurka ba ta ba da izinin zama ga wanda zai je ya zauna da mace fiye da ɗaya. Auren bogi don samun takarda kuwa laifi ne a can, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000, kuma ƙarya a gaban jami'in biza na iya rufe wa mutum ƙofa har ƙarshen rayuwarsa. A Ingila, in mace ɗaya ta riga ta shiga a matsayin matar mutum, ba a ba ta biyu bizar aure. Sannan tun Afrilun 2024 ana buƙatar mai ɗaukar nauyi ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, maimakon 18,600 na da. In sharaɗin bai cika ba, haƙuri za a yi. Arziki ba a Landan kaɗai yake ba.

Sai maganar auren rajista. Da yawa ana tura su su sake ɗaura aure a rajista ba tare da an yi musu bayani ba. Ku sani, a dokar Nijeriya wannan aure ne na mace ɗaya. Mai mata biyu ba hurumin sa ba ne, wanda ya yi shi kuma doka ba ta yarda ya ƙara aure a kai ba. Auren Musulunci halattacce ne a dokar ƙasar nan. Kafin ka sa hannu, ka tambayi lauya, ka tambayi malami.

Haka nan masu rubuta ɗan wa ko ɗan ƙane a matsayin ɗan cikinsu don ya samu tafiya. Mun san tausayi ne ya kawo haka, amma Suratul Ahzab, aya ta 5, ta umarce mu da danganta yaro ga ubansa. Ofishin jakadanci kuma na iya neman gwajin DNA, asiri ya tonu, 'ya'yanka na gaskiya su rasa tafiya saboda shi.

'Yan uwanmu da suka auro daga Maraɗi ko Damagaram, ku ma akwai naku. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, ta Ma'aikatar Cikin Gida. Hanya ce a buɗe. Kada a je a ƙirƙiro mata takardar asalin ƙaramar hukumar da ba ta taɓa takawa ba. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, gyara takardu ya ƙara zama wajibi.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Duk auren da aka ɗaura a nan, ango ya zo da waliyyi da shaidu a rubuta shi a littafin masallaci a ranar. A karɓar wa kowane jariri takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sunan da ke kan fasfo ya zama daidai da na katin ɗan ƙasa. Mai shirin tafiya kuma ya zaunar da iyalinsa duka, ya faɗa musu gaskiya, ya tsara ci da sha da kuɗin hayar wadda zai bari.

Mu kuwa a ofis, ba za mu mayar da kwanan wata baya ba, ba za mu shaidi abin da ba mu gani ba, ko wane ne ya zo. A yi mana uzuri, shaidar zur tana cikin manyan zunubai.

Allah ya haɗa kan iyalanmu, ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mu daga abin da zai kunyata mu duniya da lahira. Amin. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci